Kambun Baba

Babana tsohon sojan Faransa ne. An ɗauke shi yana saurayi aka ƙetara da shi Aljeriya, ya yi shekaru yana yaƙin da bai san mafarinsa ba, sannan ya dawo ƙauyenmu da ke kusa da Dogarawa da igiya biyu a kafaɗa da kunne ɗaya da ba ya ji. Daga nan har ya bar duniya ba wanda ya ƙara kiransa da sunan yanka, Kafaran ake ce masa, wato kofur. Ya koma noman gero da wake kamar bai taɓa zuwa ko'ina ba.

A damtsensa na hagu akwai kambu, baƙar fata mai kaurin yatsa biyu, ta sha gumi har tana sheƙi. Kawunsa, wani maharbi a wajen Bazaga, shi ya ɗaura masa ranar da za a tafi da su, ya ce maganin harsashi ne da duk wani abu mai kaifi. Ya gindaya masa sharaɗi biyu. Na farko, kada kambun ya taɓa ƙasa. Na biyu, ba a gadonsa. Sai mai shi ya miƙa da hannunsa yana da rai, in kuwa daga jikin gawa aka cire, ya zama fatar banza. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin hannun Baba babu shi ba. Ko wanka zai yi, sama yake tura shi ya wanke ƙasansa, ya sauko da shi ya wanke samansa.

Ba mai yawan labarin yaƙi ba ne. Sau ɗaya na ji ya ba wani baƙo labarin ranar da aka tare motarsu a cikin duwatsu. Na damansa ya faɗi, na hagunsa ya faɗi, shi kuwa da yamma ya tuɓe riga ya ga huji biyu a jikinta, fatarsa ko ƙwarzane babu. Da ya kai nan sai ya dafa kambun.

Ni ce 'yarsa ta fari. Shi ya sa ni lakwal, makarantar boko, da ƙarfin tsiya lokacin da ba a sa 'ya'ya mata a ƙauyenmu, na yi karatu har na zama malama, aka tura ni Illela. Tsakanina da autanmu an haifi huɗu, ƙasa ta rufe uku, ɗayar tana aure a Sakkwato. Autan shi kaɗai ne namiji da ya rayu. Da jarrabawa ta ƙi shi sai ya shiga soja, ranar da ya fara zuwa gida da kaki Baba ya zagaya da shi gari gida-gida.

Ciwon Baba ya fara ne daga ƙafafu, a shekarar da tawaye ya yi zafi a arewa. Suka kumbura har takalmi ya daina shiga, sannan ciki, sannan hannuwa. Muka ɗora shi a amalanken jaki zuwa bakin titi, mota ta kai mu gidan likita a Malbaza. Majo, babban ma'aikacin jinyar da ya duba shi, ya ce zuciya ce ta gaji, ruwa ke taruwa a jiki. Ya ba da ƙwayoyi, ya hana gishiri. Da ya ɗaga hannun rigar Baba sai ya ja tsaki. Kambun ya nutse cikin nama, naman ya taso ta sama da ta ƙasa kamar itacen da ya girma a kan igiyar da aka ɗaure shi da ita, gefen kuma ya soma ruwa. Majo ya ɗauko almakashi. Baba ya kama wuyan hannunsa.

"Ɗana, wanga ya girme ka. Aje almakashin."

"Kafaran, zai ci maka hannu."

"Hannuna ne."

Haka muka dawo gida da shi.

Ana tsakiyar bazara, zafi ya kai inda ya kai, aka aiko mini Illela cewa auta ya zo gida hutun kwana biyar, in zo mu yi sallama domin za a kai su arewa. Na roƙi diraktan lakwal ya ba ni izini. Na tarar da yaron ya rame, yana ta dariya da ƙarfi kan abin da bai kai a yi masa dariya ba. Shekararsa ashirin da biyu. Washegari ya raka ni rijiya, a hanya ya gaya mini aikin da za su yi: rakiyar ayarin motoci ta hanyar da ake tarewa. Biyu daga cikin waɗanda aka ɗauke su soja tare sun riga sun mutu a kanta.

Ya buɗe maɓallin rigarsa ya nuna mini layu uku da wani malami ya yi masa a Konni. Ya ce a barikinsu ba wanda ba shi da wani abu. Wani ɗan ƙaramin Alƙur'ani a aljihun ƙirji, wani tsohon kwabo mai huji, wani ƙyallen zanen uwarsa ya ɗaure a gindin bindiga. Akwai wanda ba ya hawa mota sai da ƙafar dama, in ya manta sai ya sauko ya sake. Har wani Kirista daga kudu, ban da gicciyensa, ya sa an yi masa guru.

Na ce, "To ai kai ma ka samu, har uku."

Ya ce, "Yaya, waɗanga ba a gwada su ba. Na Baba an gwada shi."

Na yi masa faɗa irin na masu karatu. Na ce ajali ba ya tsoron fata, na ce ya riƙe salla da addu'a. Ya saurare ni har na gama, ya ce haka ne. Sannan ya ja guga ya zuba mini ruwa a tulu.

Da la'asar ranar, Baba na kishingiɗe a tabarma a inuwar darbejiyar tsakar gida, auta ya zo ya durƙusa gabansa. Ni da Inna muna bakin madafa, muna ji.

"Baba, za a kai mu arewa. Na zo ka sa mini albarka." Ya soma zanen ƙasa da yatsa. "Kuma in ka ga ya dace, ka ara mini kambu. In na dawo in maido maka."

Hannun Baba na dama ya tafi kan kambun ya rufe shi.

"Albarka na sa maka, duniya da lahira. Wanga kuwa, ranar da ya fita jikina, ni ma na fita."

Auta ya ce, "To, Baba." Ya tashi ya fita. Bai dawo ba sai bayan magariba, kuma bai ƙara tayar da maganar ba.

Inna ce ta tayar. Shekara kusan arba'in suna tare, ban taɓa jin ta ɗaga wa Baba murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba. Washegari ta kai masa tuwonsa mai miya marar gishiri, ta ajiye, maimakon ta tashi kamar kullum sai ta zauna.

"Kafaran, kai ka tahi ka dawo. Ka yi aure, ka haihu, ka ga jikoki. Shi yaron ga mi ya gani?"

Baba ya juyo mata kunnen da ba ya ji.

Ta zagaya ta ɗaya gefen. "Uku na binne. Ban ce maka komi ba, Allah ne ya ba da ya karɓa. Wanga kuwa maganin yana hannunka. Wa zai harbe ka kana kwance ƙarƙashin icce?"

Sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Hawaye suka bi kumburarren kuncin Baba. Ya ce a hankali, "Tsoro nake ji." Inna ta dube shi, ta tashi ta shiga ɗaki. Daga ranar ta ci gaba da yi masa duk abin da take yi, ta dafa, ta wanke, ta juya shi in ya gaji da kwanciya ɓari ɗaya, amma ba ta ƙara ce masa uffan ba. Gidan ya yi tsit kamar an riga an yi rasuwa.

Ni ma na sa baki, kuma shi ne abin da har yau nake juyawa a raina. A ganina lokacin, abin ya zo da sauƙi: in ya cire, hannunsa ya warke, yaro ya tafi da kwanciyar rai, Inna ta huce. Ana gobe auta zai koma, ina wanke masa gyambon da ruwan ɗumi, na ce, "Baba, fata ce fa da takarda. Ba ita ke riƙe da ranka ba, Allah ne. Majo ma ya ce in an cire hannun zai warke."

Ya dube ni da jajayen idanunsa.

"Ɗiyata da na sa lakwal. In fata ce da takarda, don mi kike so in ba ƙanenki?"

Na ci gaba da matse tsumma a ƙwarya.

Da hantsi ranar tafiyar, auta ya riga ya ɗaure jakarsa, Baba ya ce a kira masa baduku. Badukun tsoho ne, tsaransa. Ya shimfiɗa buzu ƙarƙashin hannun don kada abin ya kuɓuce ya faɗi ƙasa, ya dinga tsinke ɗinkin ɗaya bayan ɗaya da bakin aska. Da kambun ya saki, wari ya tashi har na kau da kai. Wurin ya yi rami zagaye da damtsen, fari fat, ga mugunya. Baba bai ce wayyo ba. Ya karɓi kambun da hannunsa na dama, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya miƙa wa auta.

"Karɓi daga hannuna. Kada ya taɓa ƙasa."

Auta ya karɓa da hannu biyu yana kuka. Baduku ya rage tsawon, don damtsen yaron bai kai ba, ya ɗinke masa a take. Inna na tsaye bakin ɗaki ta rufe baki da gefen zane. Da yaron ya fita na raka shi har inda amalanke ke jira, kuma dole in faɗi gaskiya: tafiyarsa ta sake. Kafaɗunsa sun buɗe. Ya tsokani mai jakin, ya yi dariya irin tasa ta da.

Na koma Illela, amma ƙarshen mako na dawo. Gyambon ya soma bushewa kamar yadda majo ya ce. Shi Baba ne ya lalace. Abinci sai an matsa ya yi loma biyu. Hannunsa na dama ba ya rabuwa da wurin, yana laluba, in ya ji babu sai ya zabura. Ƙofar langa-langa in ta buga sai jikinsa ya ɗauki ɓari. Ranar da aka yi ruwan farko, da rana tsaka hadari ya haɗu aka yi tsawa, muka shiga ɗaki muka tarar ya mirgino daga gado ya cusa kansa ƙarƙashi, da wannan nauyin jikin, yana ta ihu da Faransanci a kwanta, a kwanta. Da ƙyar ni da Inna muka jawo shi. Ya riƙe zanenta kamar jariri, ita kuma a ranar ta buɗe baki ta yi masa magana, tana cewa, "Gida kake, Kafaran, gida kake, ruwa ne."

Kwana goma sha ɗaya bayan tafiyar auta Baba ya cika, da hantsi. Maza duk suna gona wajen shuka, sai da aka bi su aka kira.

Cikin takaba, wata rana ina tsefe mata kai, Inna ta ce, "Ni na kwance Kafaran."

Na ce, "Inna, zuciyarsa ce. Tun a Malbaza an gaya mana."

"Ke da majonki. Ni na san abin da na yi. Na ba da tsoho na karɓi yaro. Allah ya gafarta mini, ko yau aka sake haka zan yi."

Da wannan ta rayu duk daminar. In mata sun zo suna jajanta mata zancen arewa, ita ce ke kwantar musu da hankali. Wasiƙun auta ta lakwal suke zuwa, in kawo in karanta mata. Uku ya aiko. A ta farko ya yi ta'aziyyar Baba, tawada ta ɓaci a wurare. A kowace kuwa layin ƙarshe ɗaya ne: ki gaya wa Inna abin yana nan, bai taɓa ƙasa ba.

Da kaka, ana ɗaurin dammunan gero, jandarma biyu suka zo lakwal. Aka kira ni daga aji zuwa buro, ofishin dirakta, da alli a hannuna. Babban cikinsu ya cire hula ya ce ƙanena ya rasu a bakin aiki, an yi masa sutura can. Na tambaya ta yaya, ya ce iyakar abin da ke cikin takardar ke nan.

Ni na kai wa Inna labarin. Na same ta tana dakan wake a tsakar gida. Da ta ga fuskata ta ajiye taɓarya. Na faɗa mata. Ba ta yi kuka ba tukuna, ta ce, "Mi ya kashe shi?"

Na ce ban sani ba.

Kwana ashirin wannan tambayar ce a bakinta. Duk wanda ya shigo gaisuwa, ko bai taɓa zuwa Tawa ba balle gaba, sai ta tambaye shi. Ta daina cin abinci sai ruwan fura. Na gane abin da ke cinta. Mutuwar ɗa ta san ta, ta sha ta sau uku. Amma in harsashi ne ya kashe shi, to ta sa mijinta ya mutu a firgice a banza ke nan.

Ranar wata kasuwar Illela, an tashi yara cin abincin rana, wani soja ya tsaya bakin ajina da buhu a kafaɗa. Tsaran auta ne, siriri, daga harshensa na gane mutumin gabas ne. Ya ce shi abokin ƙanena ne, gadonsu kusa da kusa, an ba shi hutu ya kawo kayan. Muka zauna a bencin yara, gwiwoyinsa sun kusa kai haɓarsa.

Na ce ya gaya mini yadda aka yi, kada ya rage komai.

Ya ce sun shiga wani matsattsen wuri tsakanin duwatsu da rana tsaka aka buɗe musu wuta daga sama. Direban motar gaba aka fara samu. Kowa ya kwanta, ƙanena kuwa ya diro ya ruga ya buɗe ƙofa yana jawo direban. Nan harsashi ya sami ƙanena a gindin wuya. Kafin su ɗauke shi ya cika. Sojan ya zura hannu a aljihu ya fito da kambun, naɗe cikin hankici.

"Yana jikinsa?" na tambaya.

"Yana jikinsa, Madam. Ni na yanke shi da hannuna kafin a sa shi a kabari."

Na zauna ina kallon allo. Lissafin da na rubuta wa yara da safe yana nan. Can na ba shi labarin Baba da Inna, tun daga ranar da auta ya durƙusa har ranar tsawa. Sannan na ce, "Ina roƙonka, in mun je gida, kada ka ce harsashi."

Ya zaro ido. "Madam, in yi ƙarya kan mamaci? Ya mutu mutuwar maza, yana ceton mutum. Uwarsa ta cancanci ta sani."

"Ta cancanta. Amma in ta sani ba za ta kai girbin baɗi ba."

Ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "To me zan ce?"

A motar haya muka shirya maganar, muna matse a kujerar baya tsakanin buhunan albasa da wata mata mai kaji, muna magana ƙasa-ƙasa da Faransanci don kada a ji. Na ce zazzaɓi, ya ce a'a, za ta tambayi kwana nawa ya yi, me ya ce, wa ya yi jinyarsa. Ya ce mota ta kife, na ce mota ma ƙarfe ce, kada ta sami abin kamawa. Muka tsaya kan cewa motar ta kife a gangare, ta yi jifa da shi, ya faɗi kan dutse wuyansa ya karye. Haka na zauna ina zaɓa wa ƙanena mutuwa kamar mai zaɓen atamfa, motar na tsalle a ramuka. Kusa da Dogarawa muka sauka.

Mun isa bayan la'asar. Sojan ya cire takalmi ya durƙusa gaban Inna ya yi gaisuwa, ya buɗe buhun: kaki biyu, bargo, rediyo ƙarami, takalmin roba. Ya ɗora kambun a kan bargon. Inna ba ta dubi kayan ba, fuskarsa take kallo.

"Ɗana, kana wurin?"

"Ina wurin, Inna."

"Mi ya kashe shi?"

Ya faɗa kamar yadda muka shirya. Ni kuwa na kasa ɗaga kai.

"Ba harbi anka yi ba?"

"An sha yin harbi, Inna, kafin ranar. Ba a taɓa samunsa ba."

"Ka ga jikinshi da idonka? Babu huji?"

"Ni na yi masa wanka. Dutse ne."

Inna ta yi ajiyar zuciya mai tsawo, kafaɗunta suka sauka. Ta ce, "Dutse ba ya cikin alkawali." Sannan ta jawo rigar kakin ta rufe fuska da ita, ta fashe da kukan da ta riƙe kwana ashirin. Maƙwabta suka shigo. Da yamma ta ci tuwo, ta sa aka yanka wa baƙon zakara.

Ya kwana a zaure. Da safe ina zuba masa kunu ya ce yana da wata magana, yana jin nauyi. Ya ce jibi zai koma arewa, kan hanyar nan dai. Ko za mu ba shi kambun?

Na ajiye ludayi. Raina ya ɓaci. Na ce a hankali don kada Inna ta ji, "Kai da ka gani da idonka? Kai ka yanke shi daga jikinsa!"

"Na gani, Madam."

"To me zai yi maka?"

Ya juya ƙwaryar kunun a hannunsa. Ya ce wata shida suna tare. In an ce gobe da tafiya, shi cikinsa ke ɓaci, ya yi ta zarya bayan gida, abinci ba ya shiga. Ƙanena kuwa zai ci nasa ya ci rabin na wani, ya kwanta ya yi minshari. In za a hau mota sai 'yan'uwa su bi layi suna shafa damtsensa, yana yi musu ba'a. Ranar da aka tare su, shi yana kwance ƙarƙashin mota, ƙafafunsa sun ƙi motsi, ya jiƙa wandonsa. Direban nan kuwa yana raye yanzu, yana asibiti.

"Mutuwa ɗaya ce, Madam, in ta zo ta zo. Kafin ta zo ne nake so in ɗan huta. Wallahi na gaji da tsoro."

Na ce masa ba nawa ba ne, ya tambayi Inna. Na tabbata za ta hana, don ta fi kowa sanin sharaɗin, abin daga jikin gawa aka cire. Ya je ya durƙusa ya faɗa. Inna ta shiga ɗaki ta fito da kambun. Ta tambaye shi ko uwarsa na da rai, ya ce tana nan. Ta tambaya su nawa ne maza a ɗakinsu, ya ce shi da wani ƙarami.

Na ce, "Inna, ai Baba ya ce sai daga hannun mai rai."

Ta harare ni. "Ni matacciya ce?"

Ta miƙa masa da hannunta, ta aika aka kira baduku. Na tsaya ina kallo ana ɗinke shi a damtsen yaron mutane. Da azahar na raka shi bakin titi. Kafin mota ta zo ya ce in yafe masa, na ce ni ce zan nemi yafiyarsa. Ya yi alkawarin rubuto wasiƙa. Ba ta zo ba.

Bayan ta fita daga zaman makoki na ba wani ɗan baffanmu aron gonar, na ɗauko Inna ta dawo wurina Illela. Shekara shida ta yi a ɗakina. Ta yi ƙiba kaɗan, tana rainon 'ya'yana, tana soya ƙosai a ƙofar gida don kada zama ya ishe ta. Matan unguwa da ke da 'ya'ya a soja suna yawan zuwa wurinta, ta ba su labarin mijinta da ɗanta, mutum biyu da harsashi ya bi ya rasa, su tashi da ɗan sanyi a rai. In ta fara, sai in ɗauki littattafan yara in koma bayan ɗaki in yi gyara. Sau biyu na yi niyyar gaya mata cewa ɗanta ya mutu ne yana jawo mutum daga cikin wuta, don na san za ta yi alfahari. Ban faɗa ba. Ta rasu da zazzaɓi cikin damina, kanta a cinyata.

Da aka yi sulhu sojoji suka soma dawowa, na tambayi duk wanda na gani da kaki a tashar Konni labarin sojan nan. Wani ya ce ya san shi, ya bar aiki yana tuƙin mota a gabas. Wani ya ce ba shi ba ne, wanda nake nufi nakiya ta tashi da motarsu tun a shekarar. Na uku ya ce masu irin wannan kama suna da yawa. Daga nan na daina tambaya.